FASHIN BAƘI: Yadda karen ƙauye ke kamuwa da cutar lishmaniya, da abin da ya haɗa ta da mutanen Isa da Sabon Birni

A ranar 21 ga Maris, 2024, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, cewa wata baƙuwar cuta ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Isa. Yawancin waɗanda ta kama yara ne 'yan shekara 4 zuwa 13. Cikinsu kan tara ruwa ya kumbura, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. Zuwa farkon Afrilu, lokacin da shugaban hukumar, Dakta Jide Idris, ya yi wa manema labarai bayani, an ƙidaya mutum 164 da ake zargin sun kamu a mazaɓun Bargaja, Isa ta Arewa, Isa ta Kudu, Tozai, Tsabre da Turba, huɗu kuma sun rasu. Gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyom a jinin waɗanda aka fara dubawa, don haka zargi ya karkata ga gubar ƙarafa.

Sanarwar hukumar ba ta danganta wancan ciwo da lishmaniya ba, wannan rubutu ma ba zai danganta su ba. Sai dai lamarin ya nuna irin tsaka mai wuyar da ma'aikacin lafiya ke shiga a gabashin Sakkwato idan aka kawo masa yaro mai doguwar zazzaɓi da kumburin ciki da rama. Cututtukan da ke iya zuwa da wannan kama suna da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu, wadda ba kasafai ake tuna ta ba, ita ce lishmaniyar ciki. A wasu ƙasashen da ke fama da ita, alamarta ta farko takan bayyana a jikin karen da ke kwance a ƙofar gida tun kafin ta bayyana a jikin yaron gidan.

Mece ce lishmaniya?

Wata ƙwayar halitta ce mai suna Leishmania ke haddasa ta, ƙwayar da ido ba ya gani sai da madubin likita. Ta samo sunanta daga William Leishman, likitan sojan Birtaniya da ya gan ta a saifar wani soja da ya kamu da zazzaɓi a Dum Dum, kusa da Kalkata ta ƙasar Indiya. Ya wallafa abin da ya gani a 1903, shekarar da Charles Donovan ya ga irin wannan ƙwaya a Madras. A 1908 ne Charles Nicolle ya gano ta a jikin ƙananan yara a Tunis, sannan ya same ta a jikin karnukan birnin. Tun daga lokacin sunan kare ya shiga labarin cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan ɗaya ne ke kamuwa da ita duk shekara. Nau'in ƙwayar ya haura 20, ciwon kuma yana zuwa ta fuska uku. Wanda ya fi yawa shi ne na fata: ƙurji ne ke fitowa a inda ƙwaro ya ciji mutum, ya girma sannu a hankali, ya fashe ya zama gyambo mai tudun baki, ya yi watanni bai warke ba, in ya warke kuma ya bar tabo har abada. Na biyu yana cin naman hanci da baki da maƙogwaro, an fi ganinsa a Kudancin Amurka. Na uku shi ne na ciki, wanda Indiyawa suka raɗa wa suna kala-azar. Shi ne ke shiga saifa da hanta da ɓargo, ya kawo zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya, ya ƙarar da jini, ya kumbura saifa har ciki ya fito. Ana ƙiyasta sababbin kamu 50,000 zuwa 90,000 a shekara, kuma idan ba a yi magani ba, fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ciwon ya kwantar ba sa tashi.

Ƙyashi, ba sauro ba

Cutar ba ta tafiya da ƙafarta. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke ɗauke da ita, wanda Bahaushe ke kira ƙyashi, sunan da ya zo ɗaya da ƙyashin hassada, kuma dukansu biyu ba a ganin zuwansu sai an ji zafinsu. Ba kowane ƙaramin ƙwaro mai cizo da mutane ke kira da wannan suna ne ke yaɗa cutar ba. Masana sun tantance nau'i sama da 90 a duniya da ke iya yin hakan.

Tsawonsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, wato kusan sulusin sauro. Jikinsa gashi-gashi ne, launinsa kamar na rairayi, idan ya sauka yakan ɗaga fukafukansa sama. Ba ya kuka a kunne kamar sauro. Macen ce kaɗai ke shan jini domin ta samu abin yin ƙwai, kuma daga magariba zuwa asuba take aikinta. Idan ta sha jinin dabba ko mutum mai ɗauke da ƙwayar cutar, ƙwayar takan hayayyafa a cikinta cikin mako ɗaya zuwa biyu, ta taso zuwa bakinta, sai ta zuba ta a jikin wanda ta ciza na gaba.

Abin da ya raba shi da sauro, wanda kuma ya sa dabarun yaƙi da maleriya ba su isa su kawar da shi ba, shi ne wurin haihuwarsa. Sauro ruwa yake nema. Ƙyashi kuwa ƙasa mai ɗan danshi da ruɓaɓɓen abu yake so: ramin ɓera, tsohon suri, tsagar katangar laka, gindin rumbu, kogon itace, juji, turken awaki, akurkin kaji. Ba shi da ƙarfin tashi, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, iska mai ƙarfi tana hana shi fita, kuma yawanci ba ya yin nisan da ya wuce 'yan ɗaruruwan mita daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Shi ya sa cutar kan tattaru a wuri guda. Unguwa ɗaya na iya fama da ita alhali maƙwabciyarta lafiya lau.

Tsohuwar baƙuwa ce a ƙasar Hausa

Rahoton farko na lishmaniyar fata a Afirka ta Yamma daga ƙasar Hausa ya fito. Wani likitan Faransa mai suna Stévenel ne ya bayyana ta a yankin Zinder, wato Damagaram, a 1911. An ba da rahotonta a Najeriya a 1924. Daga baya likitoci sun tabbatar da ita a Yamai da wasu sassan Nijar, an same ta a jikin 'yan makaranta a Keana da ke Jihar Nasarawa ta yanzu, sannan a 2007 wasu likitoci a Sakkwato suka wallafa rahoton ɓarkewarta a wata makarantar sakandare ta kwana. A Wagadugu kuwa ta yi yawa tun daga tsakiyar shekarun 1990 har mutanen birnin suka laƙaba mata sunan sabuwar unguwar nan ta Ouaga 2000.

Nau'in da ke kawo wannan gyambo a yankin Sahel shi ne Leishmania major, ƙyashin da ke yaɗa shi kuma Phlebotomus duboscqi. A nan ne ya kamata a yi hattara kafin a ɗora wa kare laifi. Binciken da aka yi shekaru ana yi a Keur Moussa ta ƙasar Senegal ya nuna cewa ɓerayen daji da na gona ne ma'ajiyar wannan nau'i, kuma a cikin ramukansu ƙyashin ke zama. Kare na iya kamuwa da shi jefi-jefi, kamar yadda mutum ke kamuwa, amma ba shi ne rumbunsa ba.

Wanda kare ke ajiyewa daban ne, shi ne Leishmania infantum, mai kawo lishmaniyar ciki a ƙasashen bakin Bahar Rum da Iran da Burazil, kuma ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki ya fi kayarwa. An daɗe ana ɗaukar cewa wannan matsalar Arewacin Afirka da Turai ce. Amma an tabbatar da shi a karnukan ƙauyukan Mont Rolland da ke yankin Thiès a Senegal, inda gwajin jini ya nuna kaso mai tsoka na karnukan sun haɗu da ƙwayar. An same shi a karnukan gida a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso. A Najeriya, wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ga alamun cutar a jinin wasu karnuka daga cikin waɗanda aka gwada a jihohin Kwara, Oyo da Ogun. Ta ɓangaren mutane, an samu masu lishmaniyar ciki a tsaunukan Ayar da ke arewacin Nijar tun a shekarun 1980, ita ma Cadi tana ba da rahoton masu ita a Borku da Tibesti tun 2018.

Isa da Sabon Birni suna tsakiyar wannan shimfiɗa ta Sahel. Kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi suna zuba ruwansu a Rima ta wannan yanki, suna barin fadamu masu danshi da ƙasar laka mai tsagewa da rani, ga gonakin gero da ramukan ɓera ko'ina. Iyaka da Jihar Maraɗi kuwa a takarda take. Bagobirin Sabon Birni da na Tsibiri dangi ne, dabbobinsu ma hanya ɗaya suke bi.

Abubuwan da ke jefa karen ƙauye cikin haɗari

Babu abin da ya kai wurin kwana muhimmanci. Tun da ƙyashi da dare yake cizo, kuma kusa da ƙasa yake yawo, karen da ke kwana a fili ya fi wanda ke kwana a rufaffen ɗaki haɗuwa da shi nesa ba kusa ba. Wani nazari da aka wallafa a 2013, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan karnukan Burazil, ya nuna cewa karen da ke zama a harabar gida ya fi na cikin ɗaki kamuwa, haka ma wanda gidansu ke dab da ciyayi da itatuwa. A Turai ana iya ce wa mai kare ya shigar da shi ɗaki da magariba. A ƙasar Gobir wannan shawara ba ta da wurin zama. Musulunci ya halatta ajiye kare ne domin farauta da kiwo da gadin gona, kuma duk da cewa mazhabar Malikiyya ba ta ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, al'ada ba ta yarda ya shiga ɗakin kwana ba. Aikinsa ma na waje ne. Karen da aka kulle a ɗaki da dare ba zai yi haushi ba idan babura suka doso gari. Saboda haka kusan kowane karen ƙauye a wannan yanki yana cikin rukunin da bincike ya ce ya fi fuskantar cizo.

Sana'ar karen ita ce ta biyu. Karen farauta yakan cusa hancinsa a ramin gafiya da kurege, ya tona suri, ya kwana a daji tare da maigidansa a lokacin farautar rani. Karen ruga yana kwana a gefen garke, inda kashin shanu da danshin fitsari suka haɗu suka zama shimfiɗar tsutsar ƙyashi, kuma yana bin shanu daga wannan mashaya zuwa waccan. Duk waɗannan wurare su ne mazaunin ƙwaron. A dajin ne kuma kare ke kusantar dila da yanyawa, danginsa na jeji, waɗanda a wasu ƙasashe aka same su ɗauke da Leishmania infantum. Hanci da kunnuwa da kewayen ido, inda gashi ba shi da yawa, su ne ƙyashi ya fi ciza, su ne kuma sassan da kare ke fara turawa cikin rami.

Sai tsarin gidan kansa. Gidan manomi a karkara yana haɗa mutum da dabba a haraba ɗaya: turken tumaki a kusurwa, akurki a jikin katanga, rumbu a tsakar gida, takin da ake tarawa tun rani domin a kai gona kafin shuka, juji a bayan danga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ajiye don ƙazanta, kowanne da amfaninsa. Sai dai haɗuwarsu tana ba ƙyashi abinci da mafaka da wurin haihuwa a taku kaɗan daga tabarmar yara. Kaji misali ne mai ban sha'awa: ba sa kamuwa da cutar, amma jininsu yana ciyar da ƙyashi, akurkinsu kuma yana tara shi. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko kajin suna janye cizo daga kare ne ko suna ƙara yawan ƙwaron a gida, kuma sakamakon bincike ya sha bamban daga wuri zuwa wuri.

Jikin karen ma yana da nasa tasiri. Nazarin Burazil ya nuna mai gajeren gashi ya fi mai dogon gashi kamuwa, karnukan ƙasar Hausa kuwa kusan dukansu gajeren gashi gare su. A ɗaya ɓangaren, karnukan da suka daɗe suna zaune da cutar a wuri sukan fi juriya. A tsibirin Ibiza na Sifaniya akwai wani irin karen farauta da aka san shi da jure mata, alhali irin su Boxer da Rottweiler da German Shepherd sun fi saurin kwantawa. Wannan darasi ne ga masu hali da ke sayo karnukan Turai domin gadin gida ko gidan gona. Game da shekaru kuwa, yawan haɗuwa da ƙwayar yana ƙaruwa ne da daɗewar kare a duniya, amma ciwon ya fi bayyana a rukuni biyu, wato 'yan ƙasa da shekara uku da waɗanda suka haura takwas.

Yunwa tana gaba da duk waɗannan wajen tantance wanda zai kwanta. Karnuka da yawa suna ɗauke da ƙwayar ba tare da wata alama ba, domin garkuwar jikinsu ta danne ta. Idan abinci ya yi ƙaranci, ko kaska da tsutsar ciki suka sha jinin kare, ko wata cutar ta raunana shi, sai ƙwayar ta samu sarari. Karen ƙauye da ragowar tuwo da dusa yake rayuwa. Ranar da gidan ya rasa, shi ne na farko da za a manta da shi. Kuma kare mai ciwo a fili ya fi mai lafiya zuba ƙwayar a cikin ƙyashin da ya cije shi, ko da yake wanda bai nuna alama ba ma yana iya yi.

Na ƙarshe shi ne tafiya. Ƙyashi ba ya nisa, amma kare yana yi. Fataken karnuka suna bin ƙauyukan arewacin Najeriya da maƙwabtan ƙasashe suna saye, suna lodawa zuwa kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato, daga can kuma a wuce da su kudu. Karen da ya rame ya daina amfani shi ne maigida ya fi saurin rabuwa da shi. Karya mai ɗauke da ƙwayar kuma tana iya ba 'ya'yanta tun suna ciki. A Amurka an ga haka a fili, inda aka gano cutar a 1999 a wani garken karnukan farauta a Jihar New York, ta kuma ci gaba da bin zuriyarsu ba tare da an ga hannun ƙyashi ba.

Inda rashin tsaro ya shigo

Tarihin wannan cuta cike yake da yaƙi da gudun hijira. Tsakanin 1984 da 1994, a yankin Yammacin Upper Nile da ke kudancin Sudan ta wancan lokaci, likitocin ƙungiyar MSF sun ƙiyasta cewa kala-azar ta kashe kimanin mutum 100,000 daga cikin kusan 280,000 da ke zaune a wurin. Yaƙi ne ya kori mutane zuwa dazuzzukan aduwa da dushe masu tsagaggiyar ƙasar laka, inda ƙyashin wannan yanki ke zama, ga yunwa, ga asibitoci a rufe. A Siriya ma, gyambon da aka daɗe ana kira da sunan birnin Halab ya bazu bayan ɓarkewar yaƙi a 2011. Nau'in da ya yi ɓarna a Sudan, Leishmania donovani, ba shi ne na kare ba, daga mutum zuwa mutum ƙyashi ya fi ɗaukarsa. Amma sharuɗɗan da suka ba shi dama iri ɗaya ne a ko'ina: kwana a fili, tamowa, cunkoso, da nisan asibiti.

Mutumin Isa ko Sabon Birni ba ya bukatar a fassara masa waɗannan kalmomi. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe sama da mutum 70 a Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya a cikin motarsu a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, har Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Waɗanda suka rage a gida, da yawansu sun san daren da ake barin ɗaki a kwana a gona ko a gindin itace saboda jin ƙishin-ƙishin hari, ba gidan sauro, ba shimfiɗa.

Ƙauyen da aka watse aka bari shi ma yana canjawa. Katangu na tsagewa, rumbuna na zama gidan ɓera, gonaki na komawa saura, karnukan da aka gudu aka bari suna komawa yawo cikin yunwa. Ranar da mutane suka dawo, ba gidan da suka bari suke tararwa ba. Wannan fuska ce ta rikicin da ba ta shiga lissafin waɗanda aka kashe ko aka sace, kuma ba kasafai 'yan siyasar da ke zuwa jaje ke ambatonta ba.

Yadda ciwon ke bayyana a jikin kare

Daga cizo zuwa bayyanar alama ana iya ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru. Kare yakan fara ramewa ko da yana cin abinci. Gashi ya zube, musamman a kewayen ido da kunnuwa, fata ta riƙa fitar da farin gari kamar amosani, miki ya fito a bakin kunne da hanci da gaɓoɓi ya ƙi warkewa. Kaluluwa takan kumbura, farata su yi tsawo su lanƙwashe fiye da ƙima, wani ya riƙa haɓo, wani idonsa ya lalace. Abin da ya fi kashe su a ƙarshe shi ne lalacewar ƙoda.

Matsalar ita ce duk wanda ya ga irin wannan kare zai ce ƙazuwa ce ko yunwa, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Bambanci ɗaya da ake lura da shi shi ne ƙazuwa tana sa susa mai tsanani, lishmaniya kuwa galibi ba ta sa ƙaiƙayi. Amma ido ba ya yanke hukunci, gwajin jini ko duba ruwan kaluluwa da ɓargo a ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke tabbatarwa. Ya kamata kuma a raba ta da ciwon haukan kare. Shi wancan ta cizon kare da yawunsa yake shiga mutum, kuma yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara. Lishmaniya ba ta bin cizon kare ko shafa jikinsa, sai ƙyashi ya shiga tsakani.

Kisa ba ya maganinta

Duk lokacin da aka ambaci kare da cuta a jumla ɗaya, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne a kashe karnukan. Burazil ta gwada wannan hanya shekaru da dama, tana gwada karnuka tana hallaka waɗanda aka samu da alamun ƙwayar, amma cutar ta ci gaba da bazuwa har cikin manyan birane. Dalilan a bayyane suke. Gwaji ba ya kama kowane mai ɗauke da ita, ana jinkiri tsakanin gwaji da ɗaukar mataki, mutane suna ɓoye karnukansu, wanda aka kashe wa kare kuma washegari yake samo kwikwiyo, shi ma ƙyashin gidan ya cije shi. A kudu maso yammacin Madrid, ɓarkewar da ta fara a 2009 a kewayen garin Fuenlabrada ta kama ɗaruruwan mutane, da aka bincika sai aka tarar zomayen daji na wani sabon wurin shaƙatawa ne ke ajiye ƙwayar. A wuri irin Isa, inda nau'in da aka fi sani a yankin na ɓera ne, kashe karnuka zai raba ƙauye da mai gadinsa ne kawai, gyambon kuma yana nan.

Abin da ya nuna amfani shi ne hana ƙyashi cizon kare. A wani gwaji da aka wallafa a mujallar Lancet a 2002, an ɗauki ƙauyuka 18 a arewa maso yammacin Iran, aka ɗaura wa karnukan tara daga cikinsu abin wuya mai ɗauke da maganin ƙwari na deltametirin, aka bar sauran taran. Bayan damina ɗaya ta cizo, sababbin kamu sun ragu da kusan rabi a karnukan da aka ɗaura wa, sun kuma ragu a yaran waɗannan ƙauyuka, alhali ba a yi wa yaran komai ba. Abin wuyan yana aiki na tsawon watanni kafin a sauya shi. Burazil ma daga baya ta shigar da shi cikin shirinta na gwamnati. Wannan ba izini ba ne na shafa wa kare fiya-fiya ko maganin feshin gona, wanda ke iya kashe karen ya kuma cutar da yaran da ke wasa da shi.

Akwai maganin da ake ba kare mai ciwon, yana kuma samun sauƙi, sai dai ba kasafai ƙwayar ke fita daga jikinsa gaba ɗaya ba, ga tsada. Masana na gargaɗi a kan amfani da magungunan mutane a jikin karnuka, gudun kada ƙwayar ta saba da su. Ga mutum kuwa lishmaniyar ciki tana warkewa idan an gano ta da wuri. Akwai gwajin gaggawa na ɗigon jini mai suna rK39, akwai alluran da ake yi na kwana 17 a Gabashin Afirka, akwai AmBisome da ake sawa ta jijiya. Da irin waɗannan kayan aiki da feshin gidaje Bangaladash ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da kala-azar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, a 2023.

A matakin gida, abin yi ba shi da tsada: a nisanta tarin taki da juji daga wurin kwana, a liƙe tsagar bango da yaɓe, a toshe ramukan ɓera, a share ƙarƙashin rumbu da akurki. Gidan sauro mara magani ƙyashi na iya ratsa ramukansa saboda ƙanƙantarsa, amma mai magani yana korarsa, don haka wanda ake rabawa domin maleriya yana da amfani biyu. Gyambon da ya wuce makonni bai warke ba, ko zazzaɓin da ya haura mako biyu bai ji maganin maleriya ba, na asibiti ne.

Wa ke da alhakin dubawa?

A Disambar 2019 Najeriya ta ƙaddamar da tsarin shekara biyar na haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a inuwa ɗaya, wanda ma'aikatun lafiya da noma da muhalli suka sa wa hannu. Lishmaniya tana cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su waɗanda ƙasashen duniya suka yi alƙawarin shawo kansu zuwa 2030. Ba a rasa cibiyoyin da za su iya aikin ba: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa na mutane da na dabbobi, ga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tun 1924.

Hanya mafi araha ita ce a hau kan abin da ake yi tun da can. Duk shekara, musamman a kewayen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, jihohi kan shirya yi wa karnuka allurar rigakafi. Karen da aka riga aka kama aka riƙe domin allura, ɗibar ɗigon jininsa da duba kunnuwansa da faratansa ba zai ƙara minti biyar ba, kuma sakamakon zai nuna ƙauyen da ya kamata a fara kai abin wuya da kayan gwajin yara. Tambayoyin da matasan mazaɓar tarayya ta Isa da Sabon Birni za su iya yi wa wakilansu a majalisar jiha da ta tarayya ba masu wuya ba ne: malaman dabbobi nawa ne ke aiki a ƙananan hukumomin biyu, nawa aka ware wa rigakafin karnuka a kasafin bana kuma nawa aka saki, sannan a cikin manyan asibitocin Isa da Sabon Birni wanne ne ke da kayan gwajin lishmaniya a ɗakin gwaje-gwajensa.